Umarar da na yi da cikin wata biyar

Mun riga mun biya kuɗin kujera uku, tawa da ta maigida da ta mahaifiyarsa, kafin in san ina da juna biyu. Da aka yi lissafi, ranar tashinmu a watan Janairu za ta same ni a mako na 19. Shekara biyu kafin nan na yi ɓarin wata uku, abin kuma bai gama barin zuciyata ba. Na kwana biyu ina juya maganar ni kaɗai, ga son ganin Ka'aba, ga tsoron abin da ya taɓa samuna. Daga baya na ce wa maigida duk abin da likita ta yanke shi ke nan, ko da za mu yi asarar kuɗin.

Ranar awo na gaya mata. Ba ta yi saurin ba ni amsa ba. Ta auna hawan jini, ta duba yawan jinina, ta sake tura ni hoton ciki don ta ga ɗaya ne ko tagwaye, da kuma inda mabiyiya ta zauna. Ta tambaye ni ko na ga ɗigon jini tun da cikin ya shiga. Da komai ya fito lafiya ta ce tsakanin mako na 14 da na 28 shi ne lokacin da tafiya ta fi sauƙi ga mai ciki, laulayi ya lafa, nauyi bai kankama ba. Ta ce da Hajji ne ba ma za mu tsaya tattaunawa ba, don Hukumar Alhazai tana yi wa mata gwajin ciki kuma ba ta barin mai juna biyu ta tashi. Umara ta fi gajarta, mutum ne ke zaɓar lokacinsa, ga shi sanyi ake yi.

Sai maganar rigakafi. Saudiyya tana neman shaidar allurar shawara daga duk wanda ya fito daga Najeriya, ita kuwa allurar ba a cika yi wa mai ciki ba saboda ƙwayar cikinta rayayya ce da aka raunana. Allah ya taimake ni an yi mini tun kafin aure, katin yana nan cikin akwatin takardu, kuma tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ta sanƙarau kuwa a lokacin dole ce ga mai Umara, aƙalla kwana goma kafin isa, ita babu rayayyar ƙwaya a ciki, aka yi mini saura mako uku. Ta ba ni Fansidar na wannan watan, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, na haɗiye a gabanta, ta ƙara mini maganin ƙarin jini, ta rubuta takarda mai ɗauke da makon cikina da ranar da ake sa ran haihuwa da rukunin jinina. Ta ce yawancin kamfanonin jirgi sai an wuce mako 28 suke neman irin wannan takarda, daga mako 36 kuma ba sa ɗauka, amma in riƙe ta tare da katin awo a jakar hannu, kada in kuskura in sa su a babban akwati.

Da muka zo kan abinci sai ta ajiye biro. Ta ce, “Jirgi bai dame ni kamar abin da za ki sa a bakinki ba.” Ta bayyana mini cewa garkuwar jikin mace takan sassauta idan tana da ciki, don kada jikin ya ƙi ɗan da ke cikinsa, shi ya sa ƙwayar da za ta ba wani ciwon ciki na yini ɗaya ita tana iya kai wa ga mahaifa. Ta ambaci listeriya, wadda ke zama cikin ɗanyen nono da cuku mai taushi da yankakken nama mai sanyi, tana ma hayayyafa a cikin firji, kuma takan jawo ɓari ko haihuwar bakwaini alhali uwar zazzaɓi kaɗan ta ji. Ta ambaci ciwon hanta nau'in E da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa, ta tuna mini annobarsa ta 2017 a Diffa, inda da yawa cikin waɗanda suka rasu masu ciki ne. Dokarta uku ce: in ci abin da aka sauke yanzu yana tururi, ko abin da na ɓare da hannuna, ko abin da na buɗe murfinsa da kaina. Na rubuta a bayan katin awo. A lokacin gani nake abu ne mai sauƙi.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda kusan awa biyar ne. Maigida ya roƙa mini kujerar bakin hanya. Na sa doguwar safa mai matse ƙafa wadda likita ta ce in saya, saboda jinin mai ciki ya fi saurin daskarewa a jijiyar ƙwauri idan zama ya yi tsawo. Duk bayan awa ɗaya nakan tashi in taka zuwa bayan jirgi in dawo, bel kuma ƙarƙashin ciki nake ɗaura shi, a kan ƙugu. Abincin jirgi ya zo da zafinsa na ci, na bar ɗan kwanon ganyen da ke gefe. Wahalar tana ƙasa ashe. Motar da ta kwashe mu daga Jidda zuwa Madina ta yi fiye da awa biyar, sau ɗaya ta tsaya, ni kuma na rage shan ruwa don gudun matsuwar fitsari, wanda kuskure ne babba. Na sauka ƙafafuna sun cika takalmi, kaina yana sara. A daren na ce wa maigida in dai da hali, zuwa Makka jirgin ƙasa za mu hau.

Madina ta karɓe mu da sanyi mai ratsa ƙashi da asuba, da rana kuma iska mai daɗi ƙarƙashin manyan laimomin nan na harabar masallaci. Ban taɓa jin natsuwa irin ta garin nan ba. Mu huɗu ne a ɗakin mata: ni da Hajiya surukata, da wata dattijuwa ƴar Gusau, da wata ƴar kasuwa da ta saba zuwa. Tun daren farko suka gane halin da nake ciki, daga nan kuwa na zama ƴar lelen ɗaki. Kowa ta samo abu sai ta ce a ajiye wa mai ciki.

Teburin karin kumallo na masaukinmu shi ya fara gwada ni. Ga farin cuku a cikin ruwansa, ga yankakken nama mai sanyi an jera shi kamar fure, ga ganye da tumatir, ga ƙwai ruwa-ruwa, ga soyayyar hanta da albasa wadda Larabawa ke ci da safe, ƙamshinta har bakin lif. Hantar ce ta fi ja na, amma likita ta hana saboda sinadarin bitamin A ya yi yawa a cikinta, yawansa kuma yana cutar da ɗan tayi. Na koma wajen tukunyar ful, wake ne da ke kan wuta tun dare, in haɗa da gurasar tamis da aka ciro daga tanda, da dafaffen ƙwai wanda gwaiduwarsa ta yi tauri, da ayaba ko lemo in ɓare da kaina. A nan karatun Islamiyya ya yi mini rana ta inda ban zata ba. Ƴar kasuwar nan ta nuna mini kalmar “mubastar” da harafin Larabci a jikin robar nono, ma'ana an dafa shi a masana'anta an kashe ƙwayoyin cuta. Daga ranar duk nono ko cukun da zan saya a kanti sai na nemo kalmar da idona, in duba kwanan wata, sannan in biya.

Cikin masallaci kuwa kyauta ba ta yankewa. Mata daga ƙasashe daban-daban suna zagawa da dabino da butar gahawa, wani lokaci ƙaramin kofi ɗaya ne ke yawo hannu zuwa hannu. Dabinon nakan karɓa in sa a jaka sai na wanke, gahawar kuma in ɗora hannu a ƙirji in yi godiya. An ce mini kada abin da ke hana barci a shayi da gahawa da goro ya wuce miligiram 200 a yini, wato kamar kofi biyu, ni kuwa na riga na sha shayina da safe. Ruwan Zamzam yana ko'ina cikin manyan kuloli, wasu an rubuta musu cewa ba masu sanyi ba ne, su nake nema. Sababbin kofuna suna gefe ɗaya, waɗanda aka sha da su suna ɗaya gefen, sai mutum ya lura. Akwai kyanwoyi da yawa a harabar, masu tsabta da son mutane, har ɗaya ta zo ta kwanta a gefen dardumata. Ban kore ta ba, ban kuma shafa ta ba, don kashin kyanwa yana ɗauke da wata ƙwaya da ke taɓa ido da ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki.

Ranar da muka sami izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk, Hajiya ta sa ni a gabanta ta ware hannuwanta biyu ta kare ni, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Muka bari turmutsutsun ya wuce, muka shiga a ƙarshen ayari. Raka'a biyu na yi, na yi sallama ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na roƙi abin da na zo roƙo. A can ne, ina zaune bayan sallama, na ji motsi na farko, kamar ɗan kifi ya juya a ƙasan cibiyata. Na kama hannun Hajiya na kasa magana.

Jirgin ƙasan Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, yana cinye kilomita 450 ɗin da ke tsakanin biranen biyu cikin awa biyu da ɗan wani abu. Akwai banɗaki, akwai wurin miƙe ƙafa. Muka yi wanka muka shirya tun daga masauki, muka ɗauki niyya daidai miƙatin Zul-Hulaifa. Mun isa Makka da la'asar amma ban yi gaggawa ba, na ci abinci na yi barci, sai bayan isha da sawu ya ɗan ragu muka shiga. Na yi ɗawafi a bene, inda zagayen ya fi tsawo amma babu mai tura ka, ina tsayawa ina kurɓar ruwa. Ban ko yi tunanin kusantar Hajarul Aswadi ba, daga nesa na ɗaga hannu. Safa da Marwa kuwa sawu bakwai ne, jimilla ya haura kilomita uku, marata kuma ta fara nauyi. Na so in daure. Malamin ayarinmu ya ce da ni, “Malama, Ummu Salama ta kai kukan rashin lafiya ga Annabi, ya ce ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan mutane. Hau keke.” Maigida ya karɓo keken guragu ya tura ni da kansa, yana karanta addu'a ina amsawa.

Kwana biyu bayan haka aka kai mu ziyara. Bayan Jabalin Saur da Arfa da Mina, motar ta nufi Hudaibiyya a tsohuwar hanyar Jidda, inda makiyaya ke da garken raƙuma a bakin titi. Nan take ake tatsa a cikin kwano, kumfa na tashi, a tace da ƙyalle a ɗura a ƙananan robobi. Mutane suka yi layi. Ni ina daga nesa da takunkumi a fuska, don na san cutar numfashi ta MERS, wadda aka fara ganowa a Saudiyya a 2012, daga raƙuma take tsallakowa, ɗanyen nononsu kuma yana iya ɗauke da burusela mai kawo zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, mai zubar da ciki. Sai ga Hajiya ta nufo ni da roba a hannu, fuskarta cike da murna. Da kuɗinta ta saya, ita ko kurɓa ba ta yi ba.

“Ungo ƴata, sha. Na jikana ne. Nonon raƙumin ƙasa mai tsarki, ƙashinsa zai yi ƙwari.”

Tunda aka kawo ni gidansu ban taɓa mayar mata da hannu ba. A tarbiyyar da aka yi mana, babba ya miƙo maka abu karɓa ake yi, balle suruka, balle a gaban jama'a. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na ce, “Hajiya, ku yi haƙuri, likita ta ce kada in sha sai an tafasa.” Wata daga bayanmu ta ce ai tafasawa tana kashe albarkar, su da suka haifi goma ba su san wannan ba. Hajiya ba ta ce komai ba. Har muka koma masauki fuskarta tana wajen taga, ni kuma robar tana cinyata, ina jin kamar na yi mata rashin kunya. Wanda bai tashi cikin kara ba zai ga abin ƙarami ne. Ni a wurina ya fi sa'ayin nauyi.

Da yamma muka je gaishe da wata ƴar'uwarsu da ta daɗe da zama a Shara Mansur, unguwar da in ka shiga sai ka rantse a Fagge kake, Hausa ko ta ina. Na ciro robar daga firji na tafi da ita. Matar gidan ta juye a tukunya ta tafasa shi sosai, ta zuba mana a kofi biyu. Yana da ɗan gishiri-gishiri, bai kai na saniya kauri ba. Na sha, Hajiya ta sha, ta ce, “To, ai ga shi ya shiga.” A nan na ci tuwon shinkafa da miyar kuka da aka kwashe a gabana, na ci har na ji kunya.

Abin da ya kayar da ni ya zo ta hanyar da ban tsare ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, masu sadaka suka raba shinkafa da kaza a cikin kwali. Dattijuwar ɗakinmu ta karɓo biyu ta ajiye mini ɗaya a kan tebur. Ni ina wajen Hajiya, ba mu dawo ba sai bayan isha. Muna shiga ta ce, “Ƴar nan, tun azahar nake gadin abincinki. Mai ciki ba ta kwana da yunwa.” Na san dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, wannan kuwa ya yi bakwai. Na san shinkafa tana da wata ƙwaya da ba ta mutuwa a dahuwa, idan ta huce a ɗaki sai ta saki dafin da ko ɗumame ba ya kashe shi. Amma ban daɗe da ɓata wa tsohuwa ɗaya rai ba, ga wata tana kallona da tausayi, ga yunwa. Na sansana ban ji komai ba. Na ci cokali biyar ko shida.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare amai ya tashe ni, kafin asuba gudawa ta biyo. Duk ɗakin aka farka. Ƴar kasuwar ta zazzage jakarta ta miƙo mini kafso ja da yalo, ta ce shi take sha kullum in cikinta ya ɓaci. Wannan karon ban yi kara ba, na ce a'a, don yana cikin waɗanda aka lissafa mini da suna: yana shiga ƙashi da haƙoran jariri. Haka maganin ciwon jiki irin su ibuprofen, farasitamol kaɗai aka yarda mini. Na zo da ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda goma, Hajiya ta haɗa ɗaya a robar ruwa mai lita ɗaya tana ba ni kurɓi-kurɓi. Da babu shi, da sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin cokali za a zuba a litar. Sai dai duk abin da na sha dawowa yake. Fitsarina ya yi kaɗan ya yi duhu, marata ta fara ɗaurewa tana saki, motsin da na saba ji tun Madina kuma na nema na rasa. Abin da ya faru shekara biyu baya ya dawo mini gaba ɗaya. Na ce a kira maigida.

A wata cibiyar lafiya kusa da Harami aka karɓe mu, bizar Umara tana tafe da inshorar gaggawa. Na miƙa katin awo da takardar likitata, ma'aikaciyar ta karanta ta gyaɗa kai, ba a ɓata lokaci da tambayoyi ba. Aka sa mini ƙarin ruwa leda biyu. Likitar ta ce rashin ruwa a jiki shi ke sa mahaifa ta riƙa ɗaurewa, kuma a mako na 20 ba kullum ake jin motsi ba. Ta shafa mini man nan mai sanyi ta ɗora na'ura a marata. Ta ɗan jima tana lalube. Can sai ga bugun zuciyar ɗan, da sauri da sauri kamar gudun doki. Hajiya da ke tsaye a bakin labule ta fashe da kuka tana hamdala. Kafin a sallame mu likitar ta ce in na ga jini, ko ruwa ya ɓalle, ko zazzaɓi ya zo, ko ciwon mara ya riƙa zuwa a jere, in dawo ko tsakar dare ne, ko a kira motar asibiti ta 997.

Dattijuwar nan ta yini ba ta ci abinci ba don damuwa. Na je na zauna kusa da ita na ce ni na ci da hannuna, ita alheri ta yi niyya. Kwana biyu ina salla a ɗaki, ina jin kiran sallar Harami ta taga, ina shan kunun da na zo da garinsa daga gida, ana dama mini da tafasasshen ruwan roba. A rana ta uku na fita da ƙafata.

Daren da za mu bar Makka muna zaune a harabar bayan magariba, wata baiwar Allah ta zo tana raba wani abinci a leda, ta miƙo mini. Kafin in buɗe baki Hajiya ta sa hannu ta karɓe, ta yi mata godiya, ta juyo ta ce da ni, “Ke ba ki ci wannan ba. Tashi mu je inda ake saukewa da zafi.” Muka tafi tana riƙe da hannuna. Washegari a filin jirgin Jidda aka ba kowannenmu jarkar Zamzam mai lita biyar, na sake sa safata, na zauna a kujerar bakin hanya. Kwana huɗu da sauka na koma awo, likita ta auna ta ce komai yana inda ya kamata, ta ba ni Fansidar na wata mai zuwa.